Sunayen Mata 13 a Bidiyon Horo: Yadda Sirrin Masu Juna Biyu Ya Rasa Mai Tsaronsa a Louisiana

Wurin da mutanensa

A wani ƙaramin gari na kudancin jihar Louisiana ta Amurka, yankin da ake noman rake, akwai wata cibiya da mace za ta shiga a yi mata gwajin ciki da hoton ciki ba tare da ta biya ko sisi ba. Ba zan kama sunan cibiyar ba. A gari irin wannan, inda kowa ya san motar kowa, kama sunan wuri bai da nisa da kama sunan waɗanda suka shige shi.

Irin waɗannan cibiyoyin ba masu juna biyu shawara sun haura 2,500 a Amurka. An buɗe ta farko a Hawaii a 1967. Mafi yawansu na ƙungiyoyin Kirista ne, kuma manufarsu ita ce shawo kan macen da ciki ya zo mata a ba-zata kada ta zubar da shi. Suna raba famfas da madara da kayan jarirai, suna koyar da raino, suna zama da mace su saurare ta. Masu aikin galibi 'yan sa-kai ne, sai 'yan ma'aikatan jinya masu lasisi a wuraren da ke ɗaukar hoton ciki. Akasarin cibiyoyin suna ƙarƙashin inuwar manyan ƙungiyoyi uku: Heartbeat International mai hedikwata a Columbus ta jihar Ohio, wadda aka kafa a 1971, da Care Net, da NIFLA.

Wadda ke zuwa irin wannan wuri sau da yawa ba ta da inshorar lafiya, ko ɗaliba ce da ba ta so takardar asibiti ta isa hannun iyayenta, ko baƙuwa ce da ba ta daɗe da shiga ƙasar ba. Kalmar "kyauta" ce ke kawo ta. Kafin a duba ta ana ba ta fom ta cike: suna, adireshi, lambar waya, ranar da ta ga jinin al'ada na ƙarshe, cikin da ta taɓa yi da yadda ya ƙare, wane ne mai cikin, me take shirin yi, wani lokaci har da addininta. Mace takan faɗa wa wannan takarda abin da ba ta faɗa wa mahaifiyarta ba.

Cibiyar da muke magana a kanta tana ajiye bayanan masu zuwa wurinta a wata manhaja mai suna Next Level, wadda Heartbeat International ke samar wa cibiyoyin da ke hulɗa da ita. Wannan na nufin bayanan ba sa tsayawa a cikin durowar ofishin gari, suna zaune ne a tsarin da wasu a wata jiha ke kula da shi. Tun a 2019 ƙungiyar Privacy International ta Landan ta ja hankali kan wannan manhaja da yawan abin da ake tarawa a cikinta.

1996 zuwa 2013: dokar da kowa ya ɗauka ta rufe kowa

A watan Agustan 1996 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu kan dokar da Amurkawa ke kira HIPAA. Sashenta na kare sirrin majiyyaci ya fara aiki a watan Afrilun 2003. Daga nan duk wanda ya je asibiti sai a miƙa masa takardar da ke bayyana yadda za a yi amfani da bayanansa, ya sa hannu. Shekaru ashirin na wannan al'ada sun dasa wa mutane tunani guda: duk inda ka ga farar riga da na'urar duba ciki, to HIPAA na nan.

A rubuce kuwa ba haka abin yake ba. Asalin dokar ta inshora ce, kuma ta ɗaure rukuni uku ne kawai: kamfanonin inshorar lafiya, da kamfanonin da ke sarrafa takardun neman biya tsakanin asibiti da inshora, da masu duba marasa lafiya waɗanda ke tura irin waɗannan takardu ta kwamfuta. Igiyar da ta ɗaure asibiti da dokar ita ce cajin inshora. Wurin da ba ya cajin kowa ba ya cikinta, ko da yana da likita, ko da yana da na'urar hoton ciki ta zamani.

A 2013 an faɗaɗa dokar ta yadda kamfanin da ke riƙe wa asibiti bayanai, kamar mai samar da manhaja, shi ma zai amsa laifinsa kai tsaye. Amma wannan ya tsaya ne idan wanda yake wa aikin yana cikin dokar tun farko.

Wanda dokar ta ɗaure, idan bayanan majiyyaci suka fita, dole ya rubuta wa kowane mutum da abin ya shafa cikin kwana 60, ya kuma sanar da Ma'aikatar Lafiya ta tarayya. Ofishin kare haƙƙin jama'a na ma'aikatar shi ke karɓar ƙorafi, cikin kwana 180 daga ranar da mutum ya gano, shi ke bincike, shi ke cin tara. Majiyyaci ba ya iya kai ƙara kotu da kansa a ƙarƙashin HIPAA. Babbar ƙofarsa ita ce wannan ƙorafi, kuma ofishin nan ne ke riƙe da mabuɗinta.

2022 zuwa Afrilun 2024: bayanan sun yi nauyi

Ranar 24 ga Yunin 2022 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin Roe na 1973, wanda ya ba mata 'yancin zubar da ciki a faɗin ƙasar, ta mayar wa jihohi ikon yanke matsayi kan zubar da ciki. Louisiana na cikin jihohin da suka haramta shi kusan gaba ɗaya. Dokar jihar ba ta hukunta mai cikin kanta, tana bin wanda ya yi aikin ko ya samar da magani. Duk da haka, ranar jinin al'ada da ranar da ake sa ran haihuwa sun tashi daga bayanin jinya sun koma abin da mai bincike zai iya nema. Rubutun da ya ce mace na da ciki wata biyu a watan Maris, idan kaka ta yi babu jariri, tambaya ce ke jiran mai yi, ko da ɓari ta yi.

A wannan watan ne 'yan jaridar The Markup da Reveal suka duba shafukan intanet na cibiyoyi kusan 2,500, suka tarar aƙalla 294 na tura bayanan masu ziyara zuwa Facebook ta wata 'yar manhajar talla. A watan Satumba Sanata Elizabeth Warren da wasu takwarorinta suka rubuta wa Heartbeat International suna tambayar me take tarawa da kuma wa ke gani. Wasiƙar sanata tana iya tilasta magana, ba ta iya tilasta gyara.

Jihar Washinton ta bi wata hanya daban. A watan Afrilun 2023 Gwamna Jay Inslee ya sa hannu kan dokar My Health My Data, wadda ta fara aiki kan manyan hukumomi ranar 31 ga Maris na 2024, kan ƙanana kuma ranar 30 ga Yuni. Dokar ba ta tambayi ko wuri yana cajin inshora ba, ba ta kuma keɓe ƙungiyoyin jinƙai ba. Duk wanda ya karɓi bayanin lafiyar mutum, sai ya nemi amincewarsa kafin ya tara abin da ya wuce buƙatar aikin, sai ya sake neman wata amincewar kafin ya ba wani. Mutum na iya cewa a goge bayanansa, a amsa masa cikin kwana 45, a kuma sanar da duk waɗanda aka ba su su ma su goge. An hana kafa tarkon bin wayoyin mutane cikin ƙafa 2,000 daga wurin kiwon lafiya. Wanda aka cuta yana iya kai ƙara da kansa, ba sai ya jira gwamnati ba.

A watan Afrilun 2024 wata ƙungiyar sa-ido ta birnin Washinton, Campaign for Accountability, ta rubuta wa manyan lauyoyin jihohi biyar, wato Idaho, Minnesota, New Jersey, Pennsylvania da Washinton, tana cewa wasu cibiyoyi na ambaton HIPAA a shafukansu ta hanyar da za ta sa mace ta ɗauka dokar na kare ta. A lokacin maganar ta abin da zai iya faruwa ce. Bayan wata guda ya faru.

Mayun 2024: bidiyon

A ƙarshen watan Mayu 'yar jarida Jessica Valenti ta wallafa cewa akwai wani bidiyon horo na manhajar Next Level a intanet, a buɗe ga duk wanda ya same shi. Irin bidiyon nan ne da ake naɗar fuskar kwamfuta ana nuna wa sababbin ma'aikata inda za su latsa. Sai dai ba da sunayen bogi aka yi darasin ba. Bisa rahoton, abin da ya bayyana shi ne cikakkun sunayen mata 13 da suka je cibiyar nan ta Louisiana, da ranar jinin al'adarsu na ƙarshe, da ranar da ake sa ran za su haihu, da ko an yi musu gwajin ciki ko hoton ciki. An kuma ga taswirar da ke nuna inda masu zuwa cibiyar suke zaune.

Ba ɓarawon intanet ne ya fasa ba, ba kuma sayar da bayanan aka yi ba. Wani ne ya buɗe rumbun gaske don ya koyar, bai rufe sunayen ba. Abin ya nuna abu biyu a lokaci guda: cewa wanda ke wajen cibiyar yana iya ganin fayil ɗin mace da sunanta, da kuma cewa babu wanda ya tsaya ya duba bidiyon kafin a sake shi.

Mutum 13 adadi ne ƙarami idan aka kwatanta da fashin bayanan da ke shafar miliyoyi. Amma a ƙaramin gari suna ɗaya ya isa. Duk wadda ta taɓa ɓoye ƙaramin ciki har sai ya yi ƙwari ta san abin da nake nufi. Akwai mai ɓoyewa don kunya, akwai mai ɓoyewa don tsoron mijin da ke dukanta, akwai wadda ba ta gama yanke shawarar wa za ta fara gaya wa ba. Magana kuwa zarar bunu ce. Ana iya sauke bidiyo, ba a iya sanin wa ya riga ya kalla.

Tsakiyar 2024: ƙorafi ga gwamnatin tarayya

Campaign for Accountability ta yi abin da takardun sirri na asibiti ke cewa a yi: ta kai ƙorafi ofishin kare haƙƙin jama'a na Ma'aikatar Lafiya, a cikin wa'adi. Hujjarta ita ce cibiyar da kanta tana ambaton HIPAA a bayanin da take ba masu zuwa wurinta.

Bayan 'yan watanni ofishin ya rufe fayil ɗin. Bai ce ba a yi laifi ba, bai ce an yi ba. Cewa ya yi ba shi da hurumi, domin cibiyar ba ta cikin waɗanda dokar ta ɗaure. Tunda ita ba ta ciki, mai riƙe mata manhaja ma ba ya ciki ta wannan hanyar. Wa'adin kwana 60 na sanar da matan bai hau kan kowa ba. Babu bincike, babu tara, babu umarnin gyara.

Ambaton doka a shafin intanet ba ya shigar da mutum ƙarƙashinta. Cibiya na iya cewa tana bin ƙa'idojin HIPAA don ganin damarta, tana ma iya binsu da gaske, amma ranar da ta saɓa babu jami'in tarayya da zai buga mata ƙofa.

Sauran ƙofofin da ke kusa

Hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, takan hukunta kamfanonin da suka yi alkawarin sirri suka karya. Ikonta a kan 'yan kasuwa yake, ba ya kaiwa ga yawancin ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, kuma cibiyoyin nan kusan duk haka aka yi musu rajista.

Hukumomin lasisin likitoci da ma'aikatan jinya na jiha suna iya ladabtar da mai lasisi da ya tona asirin majiyyaci. Ɗan sa-kai da mai koyar da manhaja ba su da lasisin da za a karɓe.

Louisiana na da dokar sanar da mutane idan an fasa rumbun bayanai, amma hankalinta na kan lambar shaidar ɗan ƙasa da lasisin tuƙi da lambar asusun banki, abubuwan da ake satar kuɗi da su.

Akwai kuma alkawarin da manyan ƙungiyoyin suka ɗaukar wa kansu a rubuce, cewa za su riƙe bayanin mai zuwa da cikakkiyar amana, ba za su fitar ba sai doka ta tilasta ko don ceton rai. Babu wata hukuma daga waje da ke duba cika wannan alkawari.

Jihohin da suka yi ƙoƙarin sa wa cibiyoyin doka kai tsaye sun sha karo da sashen tsarin mulki na 'yancin magana. A watan Yunin 2018 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta taka wa dokar Kalifoniya burki, wadda ta ce cibiyar da ba ta da lasisi ta rubuta hakan a fili. A 2023 wani alƙalin tarayya ya dakatar da dokar Illinois kan yaudara a irin waɗannan wurare, kimanin mako guda bayan sa mata hannu. Duka biyun sun nufi abin da cibiyoyin ke faɗa ne, kuma a Amurka nan ne ƙasa ta fi santsi ga mai yin doka.

Ƙarshen 2024 zuwa 2025: wasiƙar ƙi ta zama hujja

Abin da ƙorafin ya samar, wanda ba a da shi a baya, shi ne amsa a rubuce daga gwamnatin tarayya cewa HIPAA ba ta shafi wannan cibiya ba. Masu sa-ido suka juya tambayar. Idan dokar ba ta shafe ku ba, me ya sa kuke ambatonta ga matan da ke cike muku fom? Wannan batun yaudarar mai karɓar hidima ne, kuma kowace jiha na da doka a kansa.

A ƙarshen 2024 ƙungiyar ta miƙa lamarin ga babbar lauyar Louisiana, Liz Murrill, tana neman a bincika a ƙarƙashin dokar jihar ta hana yaudara a mu'amala. A watan Janairun 2025 ƙungiyar kare 'yancin masu amfani da intanet, EFF, ta aika irin wannan buƙata ga manyan lauyoyin Arkansas, Florida, Missouri da Texas, tana kafa misali da bidiyon Louisiana. Wannan hanya tana da hurumi, amma bin ta ya rataya ne a wuyan zaɓaɓɓen ɗan siyasa, kuma babu dokar da ta ce dole ya buɗe bincike. Inda aka buɗe ma, abin na jan ƙafa: sammacin da babban lauyan New Jersey ya aika wa wata ƙungiyar cibiyoyi a watan Nuwamban 2023 ya rikiɗe ya zama shari'ar da Kotun Ƙoli ta amince ta saurara a 2025, kan wace kotu ce ma za ta duba shi.

A daidai wannan lokaci nauyin bayanan na ƙaruwa a Louisiana. Daga 1 ga Oktoban 2024 jihar ta sa magungunan mifepristone da misoprostol cikin jerin ƙwayoyin da ake sa wa ido. A ƙarshen Janairun 2025 aka tuhumi wata likita ta New York da aika maganin zubar da ciki jihar, aka tuhumi mahaifiyar yarinyar da aka aika wa. A watan Yunin 2025 kuma wani alƙalin tarayya a Texas, Matthew Kacsmaryk, ya soke ƙarin kariyar da gwamnatin Biden ta yi wa bayanan haihuwa a cikin HIPAA a 2024. Ko da ƙarin ya tsira, da bai kai ga cibiyar nan ba.

Yadda nake ganin lamarin

Ban ga alamar mugun nufi a bidiyon ba, sakaci na gani. Amma sakaci irin wannan ba ya rayuwa a wurin da ake tsoron hukunci. A asibitin da HIPAA ta ɗaure akwai jami'in da aikinsa kenan, akwai rumbun bogi na horo, akwai lauyan da ke duba bidiyo kafin ya fita, duk saboda tara na da zafi. Inda babu mai bincike, kulawa ta dogara ga halin wanda ke zaune a gaban kwamfuta a ranar.

Kuskuren na asali a dokar yake. An rataye kariyar sirri a kan takardar neman kuɗi, sai ta bar waɗanda suka fi buƙatarta a waje, domin mai zuwa wurin kyauta ita ce marar hali. Abin da ya yi aiki a Washinton ya yi ne saboda dokar ta bi bayanin duk inda ya shiga, ba ta kula da ra'ayin mai riƙe da shi kan zubar da ciki ba, ba ta kuma ce wa kowa ga abin da zai faɗa ba. Shagon sayar da magani da manhajar lissafin al'ada da cibiyar coci duk layi ɗaya suka shiga. Da matan nan 13 a can suke, kowacce na da damar tambayar wa aka ba bayaninta, ta ce a goge, ta kai ƙara da ƙafarta. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ma, a rubuce, wannan hanya ta bi: ta ɗora nauyin a kan duk mai riƙe da bayanin lafiyar mutum, ko yana caji ko ba ya yi.

Na san da yawa daga masu karanta wannan suna tare da cibiyoyin a kan manufarsu ta ceton abin da ke ciki, kuma ban zo musanta amfanin famfas da madara ga uwar da ba ta da kowa ba. Wannan ne ma ya sa abin ya fi damuna. Macen da ta shiga ta amince ne, ta sauke abin da ke zuciyarta a gaban mutanen da suka ce don Allah suke yi. Wanda ya karɓi amana da sunan addini shi ya fi cancanta ya yarda a duba hannunsa, kuma da ƙungiyoyin nan za su nemi a sa su ƙarƙashin doka mai haƙori da kansu, da babu abin da za su rasa sai damar yin sakaci.

A jihohin da ba su yi irin dokar Washinton ba, abin da ya rage wa mace shi ne tambaya kafin ta ɗauki biro. Kada ta tambaya ko suna bin HIPAA, don za a iya cewa e da zuciya ɗaya. Ta tambaya ko suna tura wa kamfanin inshora ko Medicaid, shirin gwamnati na biya wa marasa hali kuɗin jinya, takardar neman biya, ta kuma tambayi sunan manhajar da za a shigar da fom ɗinta da waɗanda ke iya buɗe ta daga wajen ginin. Idan amsar farko ita ce komai a nan kyauta ne, to ofishin da ya rufe ƙorafin Louisiana haka zai rufe nata.